Kura da Shan Bugu: Aikin Kyauta a Ƙofar Masana'antar Kiɗan Fim

Duk wanda ya taɓa haƙurin zama har ƙarshen fim, ya bi sunayen da ke hawa kan allo bayan labari ya ƙare, zai lura cewa suna guda ake rubutawa da manyan baƙaƙe a gaban kalmar kiɗa, alhali kuwa sautin da ya saurara na kusan awa biyu ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso kunnensa. Akwai wanda ya raba waƙar ga goge da ƙaho da ganguna, akwai wanda ya daidaita ta da motsin hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa, akwai injiniyan da ya naɗi sautin ya tace shi. A can ƙasan tsanin kuma akwai wani saurayi ko wata budurwa da ba za a ga sunansu ko a ƙananan baƙaƙe ba, waɗanda suka riga kowa isa sutudiyo kuma suka zama na ƙarshen fita, sannan suka koma gida ba tare da an danƙa musu ko sisi ba. Su ne masu neman sanin makamar aiki, kuma a Los Angeles, inda cibiyar wannan sana'a take, an daɗe ana gaya wa matasa cewa ta wannan ƙofa ake shiga.

Ra'ayina shi ne ƙofar ta lalace, kuma waɗanda ke kare ta suna kare wani abu ne da ya daina wanzuwa tun da daɗewa. Amma tunda hujjarsu tana da nauyi, bai kamata in wuce ta da gudu ba.

Gaskiya ne tsara kiɗan fim sana'a ce da makaranta ba ta iya gama koyar da ita. Ɗalibi zai iya fita daga kwalejin Berklee da ke Boston ko daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya yana sane da yadda ake rubuta wa cikakken rukunin makaɗa waƙa, amma bai taɓa ganin fuskar darakta ba a lokacin da aka kunna masa kiɗan da aka kwana uku ana gyarawa ya ce bai yi masa ba, kuma ya kasa faɗin dalili. Bai san yadda ake sake gina kiɗan minti huɗu cikin dare guda ba saboda an yanke daƙiƙa ashirin daga tsakiyar fitowar. Irin wannan ilimi sai an zauna kusa da mai yi. Fitaccen mai tsara kiɗan fim Hans Zimmer kansa a Landan ya goge a ƙarƙashin wani gwanin sana'ar, Stanley Myers, cikin shekarun 1980, kuma kamfaninsa da ke Santa Monica, wanda a da ake kira Media Ventures, yanzu kuma Remote Control, shi ne gidan da su John Powell da Harry Gregson-Williams da Ramin Djawadi da Lorne Balfe suka yi zama kafin kowannensu ya tsaya da ƙafafunsa. Ba wanda zai kalli waɗannan sunaye ya ce zama a gindin gwani ba ya haifar da gwani.

Sai dai tambayar da ke gabanmu ba ta shafi amfanin zama kusa da gwani ba, domin wannan ba a jayayya a kansa. Tambayar ita ce wa ya kamata ya ɗauki nauyin abincin yaron da kwanansa a tsawon lokacin da yake koyo, kuma tarihin sana'ar ya riga ya ba da amsa wadda masu kare aikin kyauta ba sa son tunawa da ita. A zamanin da manyan kamfanonin Hollywood ke da sassan kiɗa na kansu, irin wanda Alfred Newman ya shugabanta a 20th Century Fox daga 1940 zuwa 1960, masu kwafe takardun kiɗa da masu raba waƙa da makaɗa duk ma'aikata ne masu albashi. Jerry Goldsmith, wanda daga baya ya zama babban mai tsara kiɗan fim, ya shiga sashen kiɗa na gidan rediyo da talabijin na CBS a 1950 a matsayin akawu mai buga tafireta, ƙaramin aiki ƙwarai, amma aiki ne da ake biya. John Williams, shi ma kafin ya shahara da tsara kiɗan fim, ya yi shekaru yana kaɗa piyano a rukunonin makaɗan sutudiyo, har da ayyukan mai tsara kiɗa Henry Mancini, yana kallon manya yana ɗaukar darasi, yana kuma karɓar ladan kowane zama. Dukansu daga ƙasa suka fara, kuma ba a taɓa cewa su biya da yunwarsu ba.

Abin da ya sauya shi ne kamfanonin sun rushe waɗannan sassa, suka mayar da mai tsara kiɗa ɗan kwangila. A yau, musamman a ƙananan finafinai da shirye-shiryen talabijin, abin da ya zama ruwan dare shi ne a ba shi dunƙulallen kuɗi guda a ce ya kawo kiɗa a kammale, wato daga cikin wannan kuɗi zai biya makaɗa da ɗakin naɗar sauti da injiniya da mataimaka, abin da ya rage kuma shi ne nasa. Duk dalar da ya ba mataimaki daga aljihunsa ta fita. Ta haka nauyin horar da sabbin hannu ya gangaro daga kan kamfani mai dukiya zuwa kan mai tsara kiɗa, shi kuma ya turo shi kan wanda ya fi kowa rauni a ɗakin, wato yaron da ya zo neman koyo. Ban ga hikima ko al'adar sana'a a cikin wannan ba. Lissafin kasuwa ne kawai aka yi wa kwaskwarima da sunan tarbiyya.

A duba ma abin da yaron ke yi a yini. Wani ɓangare na aikin aike ne, kamar sayo abinci da haɗa kofi da kai na'urar ajiyar bayanai daga wannan sutudiyo zuwa wancan. Wani ɓangaren kuma, wanda ya fi yawa idan yaron yana da hannu, aiki ne na fasaha tsantsa: ya shirya fayilolin manhajojin haɗa sauti irin su Pro Tools ko Cubase ko Logic kafin maigida ya iso, ya sabunta tarin sautukan da ke cikin kwamfuta, ya daidaita kiɗan jiya da sabon yankan hoton da aka aiko da asuba, ya rarraba sautuka kashi-kashi domin mai tacewa, ya buga takardun makaɗa ya jera su kan kujeru ba tare da kuskuren shafi ɗaya ba, domin minti guda da rukunin makaɗa suka ɓata suna jira kuɗi ne mai yawa. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne. Idan yaron bai zo ba gobe, shin aikin zai tsaya har sai an nemo wani an biya shi, ko kuwa maigida zai rasa barcinsa ya yi da kansa? In dai amsar e ce, to wannan ma'aikaci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Dokar Amurka ma daga nan ta faro. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta mafi ƙarancin albashi ga ma'aikaci, kuma ramin da aikin kyauta ya bi ya shigo ya samo asali ne daga wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1947 a kan masu koyon aikin birki a wani kamfanin jirgin ƙasa. Horon nasu na kwana bakwai ko takwas ne, suna bin ma'aikata suna kallo, ba su maye gurbin kowa ba, har ma sukan jawo wa kamfanin jinkiri, don haka kotu ta ce ba ma'aikata ba ne. Tazara ce mai nisa tsakanin mako guda na kallo a filin jirgin ƙasa da wata shida na aikin dare a gaban kwamfuta, amma a kan wancan ƙaramin tushe aka ɗora wannan babban gini.

Masana'antar fim ce ma ta kai maganar gaban alƙali. A 2011 wasu mutum biyu, Eric Glatt da Alexander Footman, waɗanda suka yi aikin kyauta a fim ɗin Black Swan, suka maka kamfanin fim na Fox Searchlight a kotun tarayya da ke New York. Fim ɗin ya samo sama da dala miliyan 300 a duniya, su kuwa sun yi ta aikin ofis da aike ba ko kwabo. A watan Yunin 2013 alƙali William Pauley ya ce ma'aikata ne kuma sun cancanci albashi, abin da ya buɗe ƙofar ƙararraki masu yawa: kamfanin NBCUniversal ya sasanta da masu koyon aikin da suka kai shi ƙara a kan dala miliyan 6.4 a 2014, kamfanin waƙoƙi na Warner Music Group kuma a kan miliyan 4.2 a 2015. Amma a watan Yulin 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Pauley, ta kafa sabon ma'auni, wato a duba wa ya fi cin moriyar zaman, yaron ko kamfanin, kuma a Janairun 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta rungumi wannan ma'auni.

A takarda ma'aunin yana da kyan gani, sai dai a sana'a irin ta kiɗan fim kusan kullum yana karkata ga maigida. Ta yaya za a auna moriyar yaro? Za a ce ya ga yadda ake aiki, ya haɗu da mutane, ya sami suna mai nauyi da zai rubuta a takardar neman aiki. Duk waɗannan alkawura ne na gobe, ba wanda zai iya tabbatar da su ko ya ƙaryata su a yau, alhali moriyar maigida a bayyane take, an ƙirga ta da awa, an kuma miƙa ta ga darakta ranar Juma'a. Ban da haka, wane yaro ne zai kai ƙarar mutumin da yake fatan ya ambaci sunansa a gaban furodusa? Duniyar kiɗan fim ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma yawancin ayyuka ta bakin wani ake samun su. Glatt ya iya tsayawa ne domin ya shigo harkar yana babba, yana da wata sana'a a bayansa. Ɗan shekara ashirin da biyu da ya zuba dukan burinsa a kan wannan hanya ba shi da wannan gata, shiru ne kawai jarinsa.

Abin da ya fi damuna kuwa ba cutar da ake yi wa wanda ya shiga ba ne, duk da girmanta. Wanda bai ma iso bakin ƙofar ba shi nake tunani. Los Angeles na cikin biranen da haya ta fi tsada a Amurka, kuma birni ne da zirga-zirga ke wuya ga marar mota. Wanda zai yi wata uku ko shida yana aiki ba albashi a irin wannan wuri, dole akwai mai biya masa haya da mai da abinci, sau da yawa kuma bayan an riga an biya masa kuɗin makarantar kiɗa mai tsada. Saboda haka aikin kyauta rariya ce, kuma abin da take tacewa shi ne aljihun iyaye, domin ba ta da hanyar sanin kunnen wa ya fi kaifi. Yarinyar da ke da baiwar da za ta girgiza sana'ar amma take aikin dare don ta taimaki gidansu ba za ta faɗi jarrabawa ba, domin ba za a ma san ta taɓa wanzuwa ba. Asarar kuma ba tata ce ita kaɗai ba. Masana'antar da ke yawan kukan cewa kiɗan finafinai ya koma iri ɗaya, ya kamata ta tambayi kanta daga gidaje iri nawa take ɗebo masu tsara shi.

Kuɗin da ake magana a kai ma ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka kwatanta da abin da fim ke ci. Mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya ya kai dala 16 a awa a 2024. Yaron da ya yi awa 20 a mako har mako 12 zai tashi da dala 3,840. Ga fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi wannan bai kai kuɗin abincin 'yan kwanaki a wurin ɗaukar hoto ba, ga yaron kuwa shi ne bambanci tsakanin ya zauna a garin da ya tattara ya koma gida.

Za a ce mini ga wane ga wane, da aikin kyauta suka fara, yau ga su a kan ganiya. Ban musa ba, kuma ban zarge su da ƙarya ba idan suka ce zaman ya amfane su. Matsalar ita ce waɗanda suka tsallake kogin kaɗai ake gayyata su ba da labarin ruwa. Ba a yin hira da wanda ya yi wata takwas yana haɗa kofi, kuɗinsa ya ƙare, ya bar kiɗa baki ɗaya. Akwai kuma wata ɗabi'a ta ɗan Adam da ke sa wanda ya sha wuya ya ɗauka wuyar ce ta gina shi, har ya ga kamar tauye wa na baya haƙƙi ne idan aka sauƙaƙa masa. Ilimin da ya samu a sutudiyo shi ya gina shi, kuma da an biya shi a lokacin ba abin da zai ragu daga wannan ilimi.

Akwai wata illa da ba a cika dangantawa da aikin kyauta ba, amma a ganina reshe guda suke. A wannan sana'a babban arzikin mai tsara kiɗa yana cikin wata takarda da ake cikewa bayan an gama fim, wadda ke jera kowane yanki na kiɗa da tsawonsa da sunan wanda ya rubuta shi da kason da ya samu. Da wannan takarda ce ƙungiyoyin tattara kuɗin haƙƙin mallaka, irin su ASCAP da BMI a Amurka ko PRS a Birtaniya, ke biyan marubuci duk lokacin da aka nuna fim ɗin a talabijin, shekara da shekaru. Sanannen abu ne a masana'antar cewa mataimaka kan rubuta yankuna da dama na kiɗan da ke fita da sunan maigida, wani lokaci a sa sunansu a takardar da ɗan kaso, wani lokaci kuma a bar su a duhu, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. To wa ya fi sauƙin yarda da wannan ciniki? Wanda darasinsa na farko a sana'ar shi ne cewa guminsa ba shi da farashi, kuma godiya ce ta kamace shi don an bar shi ya shigo ɗakin. Wanda ya saba da ba da awoyinsa kyauta a shekarar farko, da wuya ya ɗaga murya a shekara ta uku idan aka karɓe sunansa. Kuma ba shi da inuwar da zai fake: makaɗan da ke buga kiɗan suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi a Los Angeles, amma masu tsara kiɗan ba su da irinta, tun da hukumar hulɗar ƙwadago ta Amurka ta ɗauke su a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu a 1984.

Adalci ya sa in ce ba kowane maigida ne azzalumi ba. Da yawa daga cikin masu tsara kiɗa suna aiki ne a ɗaki guda na gidansu, suna karɓar ƙananan finafinai da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma idan ɗalibi ya roƙi ya zo ya ga aiki, da kyakkyawar niyya suke cewa ya zo. Ban ga laifi ba idan ɗalibi ya zauna mako ɗaya ko biyu yana kallo yana tambaya, ba a ɗora masa alhakin komai ba, ya zo lokacin da ya ga dama ya tafi lokacin da ya so. Wannan baƙo ne, kuma maigidan ne ma ke sadaukar da lokacinsa. Iyakar tana nan a ranar da aka ce masa ya iso ƙarfe tara kuma ga abin da ake so ya gama kafin ya tafi. Dokar Birtaniya kusan a nan ta ja layinta: mai bin ma'aikaci yana kallo ba lallai a biya shi ba, amma wanda aka ɗaure da awoyi da ayyuka ma'aikaci ne, kuma kiransa da wani suna ba ya kore mafi ƙarancin albashi. Wanda kuɗin kwangilarsa bai isa ya biya mataimaki ba, gaskiyar magana ba shi da halin ɗaukar mataimaki, kuma kukansa ya kamata ya kai wa furodusan da ya rage masa kuɗin.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce idan aka tilasta biya, ƙofofin za su rufe gaba ɗaya, kuma ana nuni da kamfanin mujallu na Condé Nast, wanda ya soke shirinsa na masu koyon aiki a 2013 bayan an kai shi ƙara. E, wasu guraben za su ɓace, ban yi wa kowa alkawarin akasin haka ba. Amma aikin da yaran ke yi a sutudiyo ba zai ɓace tare da su ba, fayilolin nan dole wani ya shirya su, don haka gurabe goma na kyauta za su iya komawa uku masu albashi, waɗanda ɗan talaka ma zai iya nema. Faransa ta daɗe da wajabta biyan duk wanda zaman koyon aikinsa ya wuce wata biyu, ta kuma hana zaman ya wuce wata shida a wuri guda cikin shekarar karatu, tare da sharaɗin yarjejeniya a rubuce tsakanin makaranta da ɗalibi da kamfani, kuma har yau ana yin finafinai da kiɗansu a Faransa. Ko Fadar White House, wadda ta yi shekaru tana amfani da matasa kyauta, ta fara biyan su a 2022.

Gyaran da zai yi tasiri a kiɗan fim yana hannun masu ba da kwangila. Kamfanin da ke iya rubuta wa mai tsara kiɗa sharuɗɗa shafi-shafi a kan ranar miƙa aiki da mallakar kowane sauti, zai iya ƙara layi guda da ke ware kuɗin mataimaka daga dunƙulen, ya kuma buƙaci a nuna masa cewa an biya su kuma an sa sunan duk wanda ya rubuta kiɗa a takardar da ta dace. Makarantun da ke karɓar kuɗin ɗalibi su tura shi aikin kyauta da sunan darasi, wato ɗalibin ne ma ke biya don ya yi wa wani aiki, su ma suna da ikon su daina tallata guraben da ba albashi. Shi kuwa matashin da aka yi wa tayin irin wannan gurbi a yau, tun kafin a yi wani gyara, ba zan ce masa ya ƙi ba, domin shi ya san halin da yake ciki. Zan dai ce ya nemi a rubuta masa ranar farawa da ranar gamawa, da awoyin da ake bukata a mako, da abin da za a yi da duk wani kiɗa da ya fito daga hannunsa, sannan ya lura da yadda fuskar maigidan za ta kasance lokacin da ya yi tambayar.